Kebul Mita Ɗari Huɗu

Shekara goma sha tara ina koyar da fasahar watsa shirye-shiryen rediyo a jami'a, kuma a duk shekarun nan ban taɓa kwance ko kusa ɗaya daga jikin taransimita ba. Taransimita ita ce na'urar da ke karɓar muryar mai magana a situdiyo ta tura wa eriya, eriya ta watsa wa gari. Na san cikinta sarai, amma a kan allo. Ido rufe zan zana muku ita da alli, har da 'yan kibiyoyi masu nuna inda wuta ke bi. Ɗalibaina ma sun iya. Mun yaye ɗaruruwan masu zanen taransimita, wasunsu da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Sai Allah ya jarrabce mu da ta gaske.

Hukumar da ke ba gidajen rediyo lasisi ta ba sashenmu gurbi a zangon FM, da sharaɗi ɗaya: a riƙa jin mu tangaran har kilomita goma sha biyar daga gindin eriya, in ba haka ba a karɓe gurbin a ba wani. Masu jira kuwa suna da yawa. Kaya suka iso, mutanen ɗan kwangila suka kafa hasumiyar ƙarfe a bayan ginin, suka haɗa komai cikin kwana biyu, suka ɗauki hoto da mu, suka tafi. Ni ne shugaban sashe, ni na danna maɓalli. Fitilu suka kama kore. Allurar agogon awo ta farko ta miƙe ta nuna ƙarfin da ke fita, wat ɗari uku. Ta biyu, mai nuna ƙarfin da ke dawowa baya idan akwai matsala a hanya, ta kwanta a kan sifili kamar an ɗaure ta. Bisa littafi, babu tasha mai lafiyar tamu.

Ba a jin mu ne kawai. A cikin jami'a ras. A bakin ƙofa sai shuuu ta fara shiga. Kafin ka kai gidan man da ke bayan shataletale mun ɓace. Wata goma sha ɗaya muna haka, ɗalibai suna karanta labarai da murya mai kauri, mai gadi da masu shara suna saurare.

Ranar Litinin takarda ta zo: sufeton hukuma zai zo Alhamis ƙarfe goma da na'urar awonsa.

Ranar Talata na kira taro. Daktoci biyar ne da Farfesa ɗaya. Farfesa ya ce shi tun farko yana zargin yanayin sararin sama. Wani ya ce wannan matsala ce mai ban sha'awa, za ta yi kyau a maƙala. Aka sha shayi, aka kafa ƙaramin kwamiti da zai kawo rahoto cikin mako uku.

Kada ku ce ba mu nemi mai gyara ba. A garin nan mutum uku ne suka san cikin taransimita. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi ƙasar waje, na ukun kuma shi ke riƙe da tashoshi tara, wayarsa ba ta shiga, in ta shiga ya ce wata biyu. Mun taɓa tallata gurbin aiki, mutum ɗari biyu da sha biyu suka nema, kowa da digirinsa. Fiye da rabinsu ni na koyar da su. A wurin ganawa muka ajiye musu sukurudireba da tsohuwar na'ura, suka dube ni, na dubi silin.

Da yamma na koma gida na zauna na haɗa tagumi. Matata tana ninke kayan wanki.

"Ka kira Yaya mana," ta ce.

"Wace Yaya?"

"Yaya nawa gare ka da ta yi shekara talatin da huɗu a ɗakin taransimita?"

"Nasu tsohon yayi ne. Namu na zamani ne."

"To. Ai sai ka gaya wa sufeton haka, zai ji daɗi." Ta ɗora tawul a kan tawul. "Dakta, girman kan nan naka da a ce ta eriya yake fita, da har ƙasar waje an ji ku."

Yaya ita ce ta fari a ɗakinmu, ni ne auta, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Daga sakandare ta shiga koyon aiki a gidan rediyo, aka tura ta ɗakin taransimita can bayan gari, inda ba kowa sai ita da maza shida da ƙarar injin. A dangi ni ne mai ilimi, ita mai gyara. Ni ake kawo wa fom in cike, ita ake kai wa dutsen guga. Na taɓa rubuta maƙala a kan ƙarancin ƙwararru a gidajen rediyo, na ba da misali da tasharsu, na ce cikin ma'aikata bakwai babu mai digiri ko ɗaya. Na ba ta kwafi don ta yi alfahari da ƙaninta. Bayan mako guda ta dawo mini da ita. Sai daga baya na ga ta gyara zane biyu da fensir, a hankali, yadda zan iya gogewa in na ga dama.

Laraba da safe na same ta a barandar gidanta, ta tsoma hannayenta cikin roba da ruwan ɗumi, kamar kullum tun da ciwon gaɓoɓi ya kama ta.

"Auta, lafiya da sassafe? Ko fankarku ce ta sake tsayawa?"

Na gaishe ta, na zauna, na fara bayani. Na kawo sunayen Turawa uku da ka'idoji biyu.

"Yi mini Hausa," ta ce.

"Muna magana, ba a ji. Gobe za a karɓe gurbin."

"Yawwa. Allurar fita nawa?"

"Ɗari uku."

"Ta dawowa fa?"

"Sifili, Yaya. Cif." Har da ɗan alfahari na faɗa.

Ta fitar da hannunta daga ruwan. "Cif?"

"Cif."

"Ban taɓa ganin eriyar da ba ta mayar da komai ba. Ko sabuwa fil sai allurar ta ɗan motsa. Miƙo mini tawul. Ka ɗauko mini baƙar jakar nan a bayan ƙofa, da ƙaramin rediyona."

Rediyon nata tafin hannu ne, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Tun daga gidanta ta manna shi a kunne, ta hana ni magana. A gidan mai ta ce in rage gudu. A shataletale ta ce in zagaya sau biyu, masu babur suna zagina. A bakin ƙofar jami'a muryar ɗalibarmu ta fito daga cikin shuuu ɗin, tana karanta jadawalin jarrabawa.

"Wat nawa ka ce?"

"Ɗari uku."

"Abin da nake ji bai kai wat ɗaya ba."

Na yi dariyar masu ilimi, irin wadda ake yi ta hanci.

Ɗaliban aji huɗu, su wajen arba'in, suna cike da baranda, don labarin sufeto ya zagaya. Idan gurbin ya tafi, su ma za su fita da zane kamar na gabansu. Farfesa ya tare mu a ƙofa, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa Mama, an zo duba Dakta ne?" Ta ce e, an zo duba shi.

A ɗakin taransimita na nuna mata agogon biyu. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tsaya tsakiyar ɗaki, kanta a karkace, tana sauraron fankar na'urar. Ta shaƙi iska sau biyu. Sannan ta zagaya baya ta kama baƙin kebul ɗin da ke fita daga taransimita, mai kaurin babban yatsa, ta bi shi da hannu taku bayan taku har inda ya shige wani rami a bango.

"Me ke bayan bangon nan?"

"Ƙaramin sito ne. Ta nan yake bi ya fita taga ya hau hasumiya."

"A buɗe."

Aka aika a kira Mai Sito. Ya zo da tarin makullai a ɗamara, yana tafiyar mutumin da aka taso daga muhimmin aiki. Ya buɗe. A tsakiyar ɗakin ga gangar katako, irin ta zaren tela amma ta kai ƙugu, kebul a naɗe a jikinta layi bisa layi, tsaf. Bakinsa ɗaya ya fito ta cibiyar gangar ya shiga bango zuwa taransimita, ɗayan ya fita ta taga. A saman gangar kuma kyanwar sashenmu ce, wadda ɗalibai ke kira Magatakarda saboda ba a ganinta sai lokacin cin abinci, ta miƙe ƙafafu tana barci.

Yaya ta dubi kyanwar, ta dubi gangar. Ta ɗora bayan hannunta a kan naɗin.

"Auta, zo ka taɓa gidan rediyonka."

Na taɓa. Ɗumi, kamar burodin da aka fitar yanzu.

"Mita nawa ne a nan?"

"Ɗari huɗu," in ji Mai Sito, ya buga ƙirji. "Ko taƙi bai ɓata ba."

"Daga na'ura zuwa kan hasumiya fa?"

"Hamsin," na ce, muryata ta fara sauka.

"To ga wat ɗinku nan, ba su ɓata ba. Suna shiga su yi ta zagaye suna gajiya, su zama zafi. Wanda ya kai eriya da rai ɗan kaɗan ne." Ta nuna kyanwar da haɓa. "Ga mai sauraronku. Wata goma sha ɗaya kuna ɗumama mata gado."

Na san wannan. Wallahi na san shi. Darasin mako na shida ne: kowace mita ta kebul tana cin nata rabon. Na ciro waya na buga lissafin a tsaye, ya ba ni rabin wat. Na sake bugawa, ya sake ba ni rabin wat. Na ɗaga kai na dubi matar da ta faɗi haka a cikin mota, da rediyon da aka ɗaure da roba. Dalilin kwanciyar allura ta biyu ma na san shi: duk abin da eriya ta mayar sai ya sake bin mita ɗari huɗu, ya mutu a hanya. Shekara goma sha tara ina yin wannan tambayar a jarrabawa. A bayana wata murya ta ce ƙasa-ƙasa, "Tambaya ta huɗu." Wasu suka shaƙe dariya. Ban waiwaya ba.

Yadda aka yi kebul ɗin ya kai haka, ba sai an kafa kwamitin bincike ba. Hamsin aka rubuta da farko. Kwamitin sayen kaya ya ce a yi tunanin faɗaɗawa nan gaba, aka mayar ɗari huɗu. Ni ne sakataren kwamitin. Da mutanen ɗan kwangila suka ciro zarto za su yanke abin da suke buƙata, Mai Sito ya tsaya a gabansu ya ce an riga an buga wa gangar lambar jami'a da jan fenti, kuma ba a yanka kayan jami'a. Suka zo wurina. Na goyi bayansa a rubuce.

"A yanke," in ji Yaya.

Mai Sito ya shiga tsakaninta da gangar. "Mama, da girmanki. Abu ɗaya aka damƙa mini, abu ɗaya zan miƙa ranar da zan ajiye aiki."

"Ɗan nan, in an yanka duka biyun suna nan cikin jami'a. Babu wanda zai fita ƙofa."

"Lamba ɗaya ce. Wanne zai riƙe lambar?"

"Babban."

"Ƙaramin kuma ya zama ɗan wa?"

Ta juyo ta dube ni. Ɗalibai suka dube ni. Farfesa ya tuna yana da aji. Na san abin da ke biyo bayan yanka kayan jami'a: takardar tuhuma, zama gaban kwamiti, wataƙila kujerar shugabancin sashe. Na kuma san gobe ƙarfe goma. Na yagi takarda daga littafin wata ɗaliba, na ɗora a kan gangar kusa da wutsiyar Magatakarda, na rubuta cewa ni, da hankalina, na ba da umarnin a yanka, laifin duka nawa ne. Mai Sito ya karanta sau biyu, ya ce in ƙara kwanan wata da lokaci. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya koma gefe ya juya mana baya, don kada a ce ya gani.

"Je ka kashe na'ura," in ji Yaya. Na je na kashe na dawo. "Ina fis ɗin?"

"Yana jikinta. Ai na kashe."

"Koma ka ciro shi ka sa a aljihunka, in babu shi wuta ba ta shiga na'ura. Wanda zai taɓa waya shi ke riƙe fis. Ba a barin wa aboki, ba a barin wa ɗan'uwa. Akwai wanda muka yi aiki tare, ya bar wa amininsa, aminin ya ga ɗaki shiru ya ce bari ya taimaka ya kunna." Ba ta ƙarasa ba. Ɗaliban da ke kusa suka fara rubutu.

Sai da na dawo da fis a aljihu maganar ta shige ni. "Wanda zai taɓa waya? Yaya, ai ke za ki yi."

Ta ɗago hannayenta. Yatsun sun karkace, gaɓoɓin sun kumbura, na dama yana ɗan rawa. "Waɗannan sun riga ni yin ritaya. Kai za ka yi."

Aikin a baki ba shi da yawa: a yanke kebul, a fere bakinsa, a sa masa fulogin tagulla da zai ɗauru a bayan taransimita. A cikin kwalin kaya mun sami fulogi biyu na ajiya. Biyu kacal, kuma babu shagon da ke sayar da irinsu a garin.

Muka auna, na yanka da zarto. Ƙarar ta sa kafaɗun Mai Sito suka motsa. Muka jawo sabon bakin ta ramin bango, aka kawo tebur. Yaya ta zazzage jakarta: wuƙa 'yar ƙarama da bakinta ya sirance don wasawa, filaya, ƙarfen narka dalma, allurar ɗinki guda. Na naɗe hannun riga a gaban mutum arba'in da na sha kayarwa a jarrabawa.

Na farkon na kashe shi cikin minti goma. Na fere da sauri kamar mai fere rake, na cusa, murfin ya ƙi ɗauruwa, na sa filaya na murɗa da ƙarfin digirina uku. Wani abu ya ce ƙas. Yaya ta karɓa ta juya shi a tafin hannu.

"Ka cinye zaren murfin. Wannan sai dai a yi wa jariri abin wasa." Ta ajiye shi gefe. "Saura ɗaya. Zauna. Wa ya ce maka a tsaye ake yi? Sha ruwa."

Na zauna, na sha ruwa. Ta jawo kujera ta zauna dab da ni, ta ɗora karkataccen hannunta a kan nawa. Rabon da ta riƙe hannuna haka tun ina koyon rubuta baƙaƙe.

"Ba wuƙar za ka tura ba, kebul ɗin za ka juya. A hankali. Kada ka kalla, saurara. Roba ba ta magana. In bakin wuƙar ya taɓa tagulla za ka ji ƙis. Da ka ji, tsaya."

Ɗakin ya yi tsit. Na juya, na juya. Sai na ji shi, ɗan ƙaramin sauti kamar an taka ƙwayar yashi. Shekara goma sha tara, babu littafin da ya gaya mini kebul yana da murya.

Baƙar rigar ta zame, saƙar siraran wayoyin tagulla ta bayyana, a ƙarƙashinta farar roba, a can tsakiya tsinken da ke ɗauke da komai. Ta ba ni allurar ɗinki ta ce in tsefe saƙar, silli-silli, in kwantar da ita baya. "Kamar kan 'yarka ranar da uwarta ba ta nan. In ka ja da ƙarfi za ta yi kuka." Wajen dalma ta ce, "Tsinken za ka ɗumama, ba dalmar ba. In ya yi zafi da kansa zai kira ta." Na ɗora ƙarfen narkawa a kansa, na jira, ina jin numfashinta a kunnena. Dalmar ta tsaya, ta tsaya, sai kawai ta narke ta zube cikin ramin fulogin da kanta, ta yi sheƙi. Wani ɗalibi ya ce, "Kai!" Ni ma a zuciyata abin da na ce ke nan.

Na ɗauki murfi zan rufe.

"Kawo tukuna."

Ta karɓa ta rufe ido. Ta zagaya bakin fulogin da cikin babban yatsanta, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta tsaya.

"Akwai silli ɗaya."

Na karɓa na duba da tabarau. Ba komai. Na cire tabarau na duba. Ba komai. Na ce, "Yaya, tsaf yake." Wata ɗaliba ta haska fitilar wayarta, wata ta ɗauki hoto ta buɗa shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ga shi nan. Sillin tagulla ɗaya, bai kai kaurin gashin gira ba, ya kwanta a kan farar robar, bakinsa yana taɓa tsinken tsakiya.

"Ya haɗe saƙar da tsinken," ta ce. "Wutar ba za ta ko shiga kebul ba. In kun kunna da wannan, duk ɗari ukun za su juyo su faɗa wa na'urar."

Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu. Har Mai Sito ya juyo ya leƙa. Ni dai yatsan nata nake kallo, wanda ba ya iya ɓalle maɓallin riga, wanda sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ya riƙe kofi. Na ɗauke sillin da bakin allura.

Na rufe, na ɗaura, na mayar da fis, na kunna. Allura ta farko ta hau ɗari uku. Ta biyu ta ɗaga kai kaɗan daga sifili ta tsaya.

"Yawwa," in ji Yaya. "Yanzu da eriya take magana."

Ta so tafiya, ɗalibai suka hana. Suka zaunar da ita a kan gangar, suka zauna a ƙasa. Me ya sa kika shaƙi iska da kika shigo? Yaya ake gane fanka ta kusa mutuwa? In tsawa ta faɗa wa hasumiya me ake fara dubawa? Ta fi awa tana amsawa, tana zagin su da "shashasha" suna murna. Na tsaya a baya na ari biro. Can na ga Farfesa a bakin ƙofa, ajin nasa ya ƙare da wuri, shi ma yana rubutu a bayan ambulan.

Da na mayar da ita gida, kilomita takwas, tasharmu ta raka mu har barandarta. Na ce, "Sha biyar fa, Yaya?" Ta ce, "Ka je ka wanke hannu, duk dalma ce."

Alhamis sufeto ya zo ƙarfe goma daidai, dogo, marar fara'a, da akwatin awo a cinya. Ya duba takardu, ya ce in shiga motarsu. Direba ya kamo tasharmu, ɗalibi yana karanta labarai. Muka wuce ƙofa. Muka wuce shataletale. A gidan mai muryar ba ta ko girgiza ba. Gidaje suka fara tazara, shaguna suka ƙare, gonaki suka fara. A kilomita goma sha biyar direba ya tsaya. Sufeto ya fita ya ɗaga 'yar eriyarsa sama, ya dubi akwatin, ya rubuta lamba. Ya dawo ya zauna.

"Ƙara gaba," ya ce wa direba.

"Ranka ya daɗe, bai kai ba ne?" na tambaya.

"Ya wuce. So nake in ga inda zai tsaya."

Ashirin. Ashirin da shida. Ba kowa a hanya sai shanu da wata babbar mota da ta lalace. Yaron da na sani da in'ina in an tsayar da shi gaban aji, ga muryarsa a nan, a fili, ta biyo iska ta tsallake duk wannan ƙasa ta shigo mota ta same mu, ta cikin tsinken da na liƙa da hannuna. Na koyar da yadda hakan ke faruwa sau ɗari. Ban taɓa jin tsoron abin ba sai ranar. Sai a kilomita talatin da ɗaya, da hanya ta gangara kwari, shuuu ta fara shiga.

Muka juyo muka hau tudu, ya sa aka tsaya. A kan bonet ɗin motar ya sa hannu a takardar, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Gurbin namu ne.

"Wa ya yi muku aikin?" ya ce. "Tashoshi goma sha ɗaya gare ni, wasu a rufe, wasu suna ɗingishi. Na rasa wanda zan tura musu."

"Yayata ce."

"A ina ta yi karatu?"

"A ɗakin taransimita."

Ya gyaɗa kai kamar ya san makarantar. Na kira ta a waya na gaya mata talatin da ɗaya.

"Madalla," ta ce. "Kana kusa da rediyon? Kara mini wayar in ji."

Na zura hannu ta tagar mota na kara wayar a lasifika. Na ƙirga daƙiƙa goma, na mayar kunne.

"Auta, makirufo na biyu a buɗe yake. Akwai wanda ke zaune gefe yana buɗe ledar biskit a hankali don kada a ji. Ka ce ya rufe, duk gari na sauraronsa yanzu."

Na sa kai cikin motar na kasa kunne. Labarai kawai nake ji. Sufeto ya sa nasa kunnen, direba ya ƙara murya. Labarai.

Na kira situdiyo, shugaban aji ya ɗauka. Na ce wane ne ke cin biskit a makirufo na biyu. Sai na ji ana jan kujera da sauri.

"Malam, daga kilomita talatin? Yaya aka yi ka ji?"

Na gyara murya na ce masa sana'ar ke nan, ya rufe makirufon. Sufeto ya dube ni ta saman tabarau, ya buɗe mini ƙofar mota.